Nauyin Karatu a Gungun Fayafayan Ajiya: Inda Ake Zargi da Inda Laifin Yake

Gungun fayafayai, wanda masana kwamfuta suke kira RAID, dabara ce ta haɗa fayafayan ajiya biyu ko fiye ta yadda babbar manhajar kwamfuta za ta ɗauke su tamkar faifai guda, ko dai don a sami sauri, ko don kada mutuwar faifai ɗaya ta tafi da bayanai, ko kuma don a haɗa amfanin biyu. Sunan ya samo asali ne daga wata maƙala da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka gabatar a shekarar 1988, inda suka nuna cewa tarin ƙananan fayafayai masu araha zai iya yin aikin babban faifai mai tsada, muddin an tanadi hanyar ceto bayanai a ranar da ɗayansu ya lalace. Ana yin wannan haɗi ko dai da kati na musamman da ake sokawa a cikin kwamfuta, ko kuma da manhaja zalla, kamar sashen md na Linux wanda ake sarrafawa da mdadm, manhajar da Neil Brown ya fara rubutawa a 2001, ko Storage Spaces da kamfanin Microsoft ya shigo da shi a 2012. Hanyar manhaja ba ta cin kuɗin kati, kuma idan kwamfutar ta ƙone ana iya kwashe fayafayan a mayar cikin wata su ci gaba da aiki, shi ya sa ita ce ta fi dacewa da aljihun ƙananan ma'aikatu.

Irin waɗannan ma'aikatu ne suke da yawa a garuruwa kamar Gwarzo da Kabo a yammacin Jihar Kano, inda buƙatar ajiyar bayanai take ƙaruwa a ɗakunan kwamfuta na makarantu, da shagunan buga takardu, da masu tace hotuna da bidiyon biki, da cibiyoyin horar da ɗalibai waɗanda suka yawaita tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta kwamfuta kacokan a 2015, ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka amince da kafawa a Kabo a 2022. Duk wanda ya ajiye uwar garke a irin wannan wuri, wato kwamfutar da sauran kwamfutoci suke ɗebo fayil daga cikinta, yana aiki ne a ƙarƙashin sharuɗɗan da marubutan littattafan koyarwa ba su cika yin la'akari da su ba: wutar lantarki da ake ɗaukewa babu sallama, zafin bazara da kan haura digiri 40, ƙurar hunturu, da kuma kayan gyara da sai an bi titin Gwarzo zuwa birnin Kano kafin a same su, yawanci na hannu. Idan aka ce gungun ya yi nauyi, fayil ba ya buɗewa da wuri, abin da mai gyara ya fi saurin yi shi ne ya zargi manhajar, ya shiga sauya lambobin saiti da ya gani wasu sun ba da shawara. Alhali kuwa saiti ne ya kamata ya zo a ƙarshe, domin a mafi yawan lokuta nauyin karatu alama ce ta ciwo a wani faifai, ko wata waya, ko aikin gyaran kai da gungun yake yi a ɓoye, kuma wanda ya shagala da saiti yana iya rasa bayanansa yana tsakiyar neman sauri.

Kafin a yanke hukuncin cewa akwai nauyi, wajibi ne a san iyakar abin da faifai zai iya bayarwa. Faifai mai juyawa sau 7,200 a minti yana kammala zagaye ɗaya a cikin milisakan 8.3, milisakan kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan, saboda haka allurar karatu takan jira kimanin milisakan 4 kafin gurbin da take nema ya iso ƙarƙashinta, ban da wasu milisakan 8 zuwa 9 da take ɓatawa wajen tsallakawa daga layi zuwa layi. Wannan ya sa faifan ba ya wuce karatu kusan 80 zuwa 100 a sakan idan abubuwan da ake nema a warwatse suke, kuma idan kowane karatu kilobayit 4 ne, jimillar ba ta kai rabin megabayit a sakan ba, alhali faifan nan dai yana iya zubo megabayit 150 zuwa 200 a sakan idan babban fayil guda ake karantawa a jere. Har ila yau saurin yakan ragu zuwa kusan rabi a layukan ciki na faifan, waɗanda ake kaiwa gare su idan ya kusa cika. Mai tace bidiyo da yake jan fayil guda mai girma da malamin da ɗalibansa hamsin suke buɗe ƙananan takardu a lokaci ɗaya ba matsala iri ɗaya suke fama da ita ba, ko da kalmar da suke faɗa ɗaya ce, kuma na biyun babu saitin da zai warkar da shi kamar ƙarin ma'adanar wucin gadi ta RAM ko komawa faifan SSD, wanda ba shi da allura balle ya jira zagaye.

Tsarin da aka zaɓa wa gungun ma yana da nasa iyaka, kuma a nan ne ake yawan zargin manhaja a kan abin da ba ta taɓa yin alkawari ba. A RAID 0 ana yanka bayanai gunduwa-gunduwa a rarraba wa fayafayan, don haka saurinsu yana haɗuwa, sai dai babu kariya ko kaɗan. A RAID 1 kuwa kowane faifai kwafin ɗan'uwansa ne, kuma mutane da yawa suna zaton fayafayai biyu za su ninka saurin karatu, amma sashen md yakan bar karatu guda da ke tafiya a jere a kan faifai ɗaya ne, sai idan masu karatu sun kai biyu ko fiye sannan ya raba musu fayafayan. Wanda ya auna RAID 1 da fayil guda ya ga saurin faifai ɗaya bai gano wata matsala ba, abin da aka tsara ke nan. Idan ninkin yake so da fayafayai biyu, akwai RAID 10 na Linux da shimfiɗar da ake kira f2, wadda take jera kwafin farko kamar RAID 0 a rabin farko na fayafayan, ta ajiye kwafi na biyu a can nesa, ta sayi saurin karatu da ɗan nauyin rubutu. RAID 5 da RAID 6 suna rarraba gunduwoyi su ma, tare da ajiye lissafin ceto, wanda za a iya fahimta da misalin lambobi: idan fayafayai uku suna riƙe da 4 da 7 da 2, na huɗu ya riƙe jimillarsu 13, to ko 7 ya ɓata za a dawo da shi ta hanyar ɗebe sauran biyun daga jimillar. Ainihin lissafin ana yin sa ne a kan ƙwayoyin sifili da ɗaya, amma hikimar ita ce wannan.

Awon kansa yana da tarko. Linux tana riƙe abin da aka karanta kwanan nan a cikin RAM, don haka wanda ya auna fayil sau biyu zai ga sauri na ban mamaki a karo na biyu, wanda ba daga faifai ya fito ba. Dole ne a share wannan ajiya ko a umarci manhajar awo, kamar dd ko fio, ta karanta kai tsaye daga faifai. Sannan kuma a tabbatar a kan uwar garken ake yin awon, domin sau da yawa abin da ake kira nauyin gungu nauyin wayar sadarwa ne. Sadarwar gigabit ba ta wuce megabayit 125 a sakan a lissafi, a aikace kuwa kusan 110 zuwa 118, kuma tana buƙatar dukkan siraran wayoyi takwas da ke cikin kebul su kasance lafiya. Idan ɗaya daga cikin huɗun da sadarwar megabit 100 ba ta amfani da su ta tsinke, ko aka matse kan kebul ɗin da hannu bai kama sosai ba, ko ɓera ya ɗan taɓa shi a cikin silin, sai na'urorin biyu su sauko zuwa megabit 100 shiru babu gargaɗi, komai ya ci gaba da aiki amma da saurin da bai kai megabayit 12.5 ba. Duk lokacin da kwafar fayil ta tsaya cak a kan megabayit 11 ko 12 ba ta hawa ba ta sauka, kebul ko akwatin rarraba sadarwa ne abin dubawa, kuma umarnin ethtool yana nuna saurin da aka daidaita a kai cikin sakan guda.

Idan an tabbatar nauyin yana cikin uwar garken, wuri na farko da za a leƙa shi ne fayil ɗin /proc/mdstat, wanda yake nuna halin da kowane gungu yake ciki. Harafin U yana wakiltar faifai mai lafiya, ɗan layin ƙasa kuwa yana wakiltar wanda ya fita, saboda haka gungu mai fayafayai huɗu da ya nuna U uku da layi ɗaya yana tafiya ne a gurgunce. A RAID 5 da ke wannan hali, duk gunduwar da take kan faifan da ya fita sai an karanta takwarorinta a sauran ukun an yi lissafi kafin a samo ta, ma'ana karatu ɗaya ya zama uku. Abin tsoron shi ne gungun ba ya daina aiki, masu amfani ba sa ganin komai sai nauyi, kuma idan ba a saita mdadm ya aika saƙon gargaɗi ba ana iya shafe watanni a haka, alhali mutuwar faifai na biyu ita ce ƙarshen bayanan.

A wannan fayil ɗin ne kuma ake ganin matsalar da ta fi dacewa da yanayin Gwarzo da Kabo, wato aikin daidaitawa bayan yankewar wuta. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, manhajar ba ta da tabbacin cewa abin da ya shiga faifai ɗaya ya shiga ɗan'uwansa, don haka da zarar an kunna sai ta fara bin fayafayan daga farko zuwa ƙarshe tana daidaita su, kuma wannan aiki yana gogayya da masu karatu a kan allura ɗaya. Lissafin yana da ban tsoro: faifai mai terabayit 4 da ake bi da saurin megabayit 150 a sakan yana cin fiye da awa bakwai idan babu mai damunsa, amma Linux takan sassauta aikin idan ana amfani da gungun, har zuwa mafi ƙarancin da aka gindaya mata na kilobayit 1,000 a sakan, wanda a kansa aikin zai ɗauki kimanin kwana 46. A ofishin da ake kunna janareta da safe a kashe da la'asar, ana kuma sauyawa tsakaninsa da wutar KEDCO da hannu, wata yankewar tana iya riskar gungun kafin ya gama, aikin ya koma farko, ya zamana kusan kullum a cikin daidaitawa yake. Doguwar ɗaukewar wuta, irin wadda ta jefa Kano da sauran jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda a watan Oktoban 2024, ba ta cutar da gungu kamar ƙiftawar sakan biyu da ake yi sau da yawa a yini, domin kwamfutar da aka kashe da tsari babu abin da ya same ta. Maganin manhaja shi ne taswirar rubutu, wani ɗan rajista da gungun yake riƙewa na yankunan da ake kan rubutawa, wanda yake mayar da aikin awanni ya zama na mintoci ko ƙasa da haka. Wasu fitowar mdadm suna kunna shi da kansu ga manyan gungu, amma tsofaffin gungu da yawa ba su da shi, kuma ana iya ƙara shi ba tare da an rushe komai ba. Maganin asali kuwa shi ne batirin tsaro na UPS ko inbata da aka haɗa da kwamfutar ta yadda za ta kashe kanta cikin natsuwa kafin batirin ya ƙare. Akwai kuma binciken lafiya da wasu nau'o'in Linux suke gudanarwa da kansu, kamar Debian da ta daɗe tana yin sa a Lahadin farko ta kowane wata, wanda yakan tsallaka zuwa Litinin a manyan fayafayai ya sa a zaci wani abu ya lalace.

Idan gungun ya nuna lafiya kuma babu aikin ɓoye, sai a auna fayafayan ɗaya bayan ɗaya, domin gungu kamar shanun huɗa ne, tafiyar mai rauni ita ce tafiyar garma. Umarnin hdparm yana ba da saurin kowane faifai shi kaɗai, iostat kuwa yana nuna tsawon lokacin da kowannensu yake sa a jira shi a yayin da ake aiki, kuma faifan da jiransa ya ninka na 'yan'uwansa sau da yawa shi ne abin tuhuma. Daga nan sai a tambaye shi tarihinsa ta hanyar smartctl, manhajar da take karanta rajistar lafiya ta SMART da kowane faifai yake riƙewa a cikinsa. Lamba ta 5 tana ƙirga guraben da suka lalace aka maye gurbinsu, ta 197 tana ƙirga waɗanda karatunsu ya gagara ake jiran hukunci a kansu, ta 9 kuwa tana faɗin awannin da faifan ya yi a kunne, abin da ya kamata duk mai sayen faifai na hannu a Titin Beirut ko wata kasuwa ta Kano ya duba tun yana gaban shagon, tunda awa 35,000 na nufin kusan shekara huɗu na aiki dare da rana. Binciken da ma'aikatan Google suka wallafa a 2007 a kan fayafayai fiye da 100,000 ya gano cewa faifan da aka kama da kuskuren bincike na farko ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har sau 39, sai dai ya kuma gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba. Rajista mai tsabta ba shaidar lafiya ba ce, amma rajista mai tabo hujja ce isasshiya.

Yadda faifai mara lafiya yake jawo nauyi yana da muhimmanci a fahimta, domin shi ne yake bayyana alamar da ta fi rikita mutane, wato aiki na tafiya daidai sai komai ya daskare na rabin minti ko fiye sannan ya saki. Faifan da aka ƙera don kwamfutar gida yana ɗauka cewa shi kaɗai ne mai riƙe da bayanan, don haka idan ya ci karo da gurbi mai wuyar karatu yakan nace yana maimaitawa, wani lokaci fiye da minti guda, alhali Linux sakan 30 take jira kafin ta ɗauka faifan ya suma ta sake tada layinsa, abin da kan kai ga a kore shi daga gungun saboda gurbi ɗaya tak. Fayafayan da aka ƙera don gungu sukan haƙura bayan sakan 7 su bayyana gazawarsu, sai md ta ɗauko bayanin daga kwafi ko lissafin ceto ta sake rubuta gurbin. Wasu fayafayan gida suna karɓar wannan iyaka ta sakan 7 idan an saita musu da smartctl, kodayake da yawa suna mantawa da ita duk lokacin da aka kashe wuta. Waɗanda ba sa karɓa kuwa sai a tsawaita haƙurin Linux zuwa sakan 180. Wani nau'in da ya kamata a guje wa shi ne SMR, wanda layukan rubutunsa suke hawa gefen juna don a cusa bayanai da yawa, kuma yakan shiga gyaran cikinsa na tsawon lokaci bayan rubutu mai yawa, masu karatu suna jira. A 2020 ne ta bayyana cewa kamfanin Western Digital ya sayar da irinsa a cikin jerin WD Red masu terabayit 2 zuwa 6 ba tare da ya sanar ba, kuma irin waɗannan fayafayai suna ci gaba da yawo a kasuwannin kayan hannu.

Ba kowane laifi ne na faifan kansa ba. Lamba ta 199 a rajistar SMART tana ƙirga kurakuran da suka faru a kan wayar SATA, kuma idan tana hawa, waya ce ta saki ko ƙura ta shiga bakinta, Linux kuwa idan kurakuran suka yi yawa takan sauke saurin layin daga gigabit 6 zuwa 3 har zuwa 1.5, ta rubuta hakan a rajistar da dmesg yake nunawa. Ƙaramin katin ƙarin ramuka mai araha da ke kan layin PCIe guda na ƙarni na farko ba ya wuce megabayit 250 a sakan komai yawan fayafayan da aka rataya masa, faifan da aka haɗa ta USB 2.0 kuwa da wuya ya wuce 35. Tukunyar wutar kwamfuta da ta tsufa takan kasa ciyar da fayafayai huɗu a lokaci ɗaya, sai a riƙa jin ɗaya yana tsayawa yana sake tashi. Zafi ma yana da rabonsa: yawancin fayafayai masu juyawa an iyakance musu digiri 55 ko 60, SSD kuwa yakan rage saurinsa da kansa idan ya kusanci 70, kuma akwatin da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka tun Janairu shi ne zai shiga Afrilu a ɗaki mai rufin kwano. Har girgiza tana kautar da allura daga layinta, kamar yadda injiniya Brendan Gregg na kamfanin Sun ya nuna a 2008 lokacin da ya yi ihu a gaban jerin fayafayai aka ga jiransu ya tashi nan take, abin da ya isa ya sa a nisanta uwar garke da daɓen da janareta yake kai.

Sai bayan duk wannan ne saiti yake da hurumi, kuma a cikinsa wanda ya fi tasiri ga karatu shi ne karatun gaba, wato yawan bayanan da Linux take ɗebowa tun kafin a nema idan ta lura ana tafiya a jere. Gunduwar mdadm ta yanzu kilobayit 512 ce, don haka a RAID 5 mai fayafayai huɗu zubi ɗaya na bayanai kilobayit 1,536 ne, kuma idan karatun gaba ya tsaya a kilobayit 128 da aka saba ba faifai guda, to faifai ɗaya ne yake aiki a kowane lokaci sauran suna zaman jira. Sashen md yakan ɗaga wannan lamba da kansa, amma idan an ɗora LVM, wato manhajar rarraba sararin ajiya, ko manhajar kulle bayanai a kan gungun, lambar bene na sama ce take aiki, kuma umarnin blockdev yana nuna ta yana kuma sauya ta. Ɗaga ta yana taimakon mai bidiyo, yana iya cutar da mai ƙananan fayiloli, shi ya sa ake sauya abu ɗaya, a auna, a rubuta sakamakon, kafin a taɓa na gaba. Tsofaffin rabe-raben faifai da suka fara daga gurbi na 63 maimakon na 2048 ba sa daidaita da fayafayan zamani masu gurbin kilobayit 4, kodayake wannan ya fi cutar da rubutu fiye da karatu.

Idan bincike ya tsaya a kan faifai mara lafiya, tsarin canza shi yana da nasa haɗari, domin sake gina gungu yana tilasta karanta kowane gurbi na sauran fayafayan, waɗanda galibi sa'o'in juna ne da aka saya rana ɗaya suka sha zafi iri ɗaya, kuma masu ƙera fayafayan gida da kansu suna ƙiyasta kuskuren karatu ɗaya a cikin kimanin terabayit 12. Saboda haka ana fara kwashe muhimman bayanai zuwa wani faifai na dabam kafin a taɓa komai. Idan akwai ramin da ba kowa, ya fi kyau a soka sabon faifan tsohon yana ciki, a yi amfani da umarnin maye gurbi da mdadm ya samu tun fitowa ta 3.3 a 2013, wanda yake kwafa daga tsohon kai tsaye ya koma ga lissafin ceto a guraben da suka gagara kaɗai, ta yadda gungun ba ya rasa kariyarsa a tsawon awannin aikin. Wannan kuwa yana buƙatar a riga an sayi faifan ajiya an gwada shi an ajiye, kuma a fara aikin a ranar da akwai isasshen man janareta ko cajin batir da zai kai shi ƙarshe.